Bakin da Bai Ci Ba

Da wuya a sami ɗan Sakkwato da bai tashi da labarin zuhudun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba. Dattawa sukan ce rigarsa ɗaya, wandonsa ɗaya, rawaninsa ɗaya, kuma igiya yake tufkawa a sayar ya ci daga guminsa. Mukan saurari labarin mu girgiza kai, mu ce wannan sai waliyyai, sa'an nan kowa ya koma harkarsa. Mun ajiye shi a jerin karamomi, alhali kuwa darasi ne na zaman duniya, wanda mai albashi da mai tireda duk suke da rabo a cikinsa.

Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami lokacin babbar salla, ya yi musu kyauta mai tsoka. Shehu bai karɓi nasa rabon ba. A madadinsa ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a mutunta masu rawani, a saki ɗaurarru, a sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Da Shehu ya miƙa hannu a ranar, da harshensa ya yi nauyi. Ƙarancin buƙatarsa shi ya ba shi ikon yin magana a gaban mai takobi.

Ƙanensa Malam Abdullahi ya ga ɗaya fuskar al'amarin. Shekaru kaɗan bayan hijirar da aka yi daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, ya lura wasu daga cikin jama'a sun karkata ga tara dawaki da tufafi da neman sarauta. Abin ya dame shi har ya bar rundunar wajen 1807 da niyyar tafiya gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna yana karantar da su. Ashe tun Muhammadu Bello bai kafa wannan birni ba a 1809, magabatansa sun gane cewa nasara tana iya cinye abin da aka fita nema.

Amma wajibi ne mai wannan magana ya yi hattara. A rahotonta na 2022, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanya jiharmu a kan gaba wajen talauci. Wanda ya kwana da yunwa bai zaɓi komai ba, kuma rashin kunya ne mai ƙoshi ya tsaya yana yi masa huɗubar wadatar zuci. Zuhudu sai ga wanda abin yake iya shiga hannunsa. Don haka maganata ta shafi irina ne, mu da muke da ɗan abin da ya isa, amma ganin ido ya hana shi isa.

Jarrabawata ta farko ta zo ne da auren 'yata ta fari. Ni da mahaifiyarta muka yanke cewa ba za mu ci bashin ko kwabo ba. Gado da katifa da kujeru na kafintan unguwa muka saya, kayan girki kuma daga Babbar Kasuwa. Ba anko, ba dina a ɗakin taro. Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a, aka yi walima a ƙofar gida. Gwaggona ta kira ni ɗakinta ta ce, “Ɗana, so kake a ce ɗiyarmu ba ta da gata?” Na durƙusa na ce, “Gwaggo, gatanta shi ne ta tare a ɗakin da babu mai zuwa ya ƙwanƙwasa yana neman kuɗinsa.” Ba ta gamsu ba. Ta yi wata biyu tana amsa gaisuwata a taƙaice, wasu dangi kuma har yau marowaci suke ce mini a bayan ido. Wannan ciwo ne na gaske, kuma duk mai son bin wannan hanya gara ya san da shi tun da wuri.

Wanda ya ƙarfafa mini gwiwa kawuna ne, majemi, wanda ya shafe rayuwarsa yana jeme fatar jar akuyar nan da sunan Sakkwato ya kai ƙasashe saboda ita. Ɗaki biyu ne gidansa, amma ban taɓa ganin ya sauya hanya don gudun wani ba. Ya ce mini, “Yaro, wanda anka ba bashi an saye rabin bakinai. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.”

Bayan shekara guda na ga ma'anar zancensa. A wurin aikina aka kawo mini takarda in sa hannu cewa an kammala wani aiki, alhali ko tubali ba a aza ba. Aka nuna mini cewa akwai rabona, aka kuma nuna cewa ƙin sa hannu yana da sakamako. Na mayar da takardar. An ɗauke ni daga kujerar zuwa wata da ba ta da maiƙo, ina nan a kanta. Ban fi abokan aikina da suka sa hannu tsoron Allah ba. Na san su, mutanen kirki ne. Bambancin kawai shi ne ɗaya yana biyan bashin mota, ɗaya kuma na bikin ɗansa, ni kuwa babu mai bina. Wuya ce ta sa hannun, kuma wuyar tun ranar da aka sayi abin da ya fi ƙarfi ta fara.

Tun daga nan, kafin in sayi wani abu babba nakan tambayi kaina: wa zan koma jin tsoro idan na mallake shi? In amsar ta ƙunshi sunan mutum, sai in haƙura. Babur ɗina ya tsufa, kuma a zafin watan Afrilu nakan yi sha'awar motar maƙwabcina mai sanyi. Sauƙin rayuwa bai kashe mini sha'awa ba, ya dai koya mini sanin farashinta.

'Yata ta biyu ta kusa isa aure, gwaggo kuma ta riga ta fara yi mini hannunka mai sanda. Zan sake durƙusawa gabanta da ladabi, in sake ba ta amsar da na ba ta a baya.