Hudar Mangwaro a Malali

A Malali ta Kaduna na tashi, can wajen Kwalejin Gwamnatin Tarayya, a gida mai bishiyar mangwaro uku: Binta Suga biyu da Ɗan Kamaru ɗaya. Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu sukan cika da huda, ƙudaje da ƙudan zuma su yi ta kaiwa da komowa a kansu. Mu yara lissafinmu ɗaya ne: huda ta yi yawa, bana za a sha mangwaro.

Wata shekara, ina sakandare, aka yi hunturu mai tsanani. Jaura takan taso daga wajen Kogin Kaduna da asuba, har alwala sai an ɗumama ruwa. Bishiyoyin suka yi hudar da ban taɓa gani ba. Amma da 'ya'ya suka fito, yawancinsu ba su wuce girman goro ba suka tsaya, wasu suka zube. Na fasa ɗaya, na tarar ƙwallon fanko ne. Mahaifiyata ta ce hazo ne ya ƙona su.

Maƙwabcinmu, wani tsohon malamin gona da ya yi karatu a Samaru, shi ya warware mana. Ya karyo reshen huda ya ce, "Zo ka duba, ɗana." Ya nuna min cewa a reshe guda akwai ɗaruruwan furanni, wasu maza zalla, wasu masu haɗe da namiji da mace, kuma ko ɗaya cikin ɗari ba ya zama mangwaron da za a sha. Ƙuda ne ke ɗauko garin fure ya ajiye a kan macen. Daga nan ƙwayar garin sai ta tsiro, ta miƙa wani siririn bututu har cikin mahaifar furen. In bututun bai isa ba, babu ƙwallo.

Na ce, "To Baba, ina laifin sanyi, tunda shi ya kawo hudar?"

Ya ce ai nan gizo ke saƙar. Sanyin dare ne ke sa bishiya ta bar fitar da sabon ganye ta koma huda. Amma garin furen ya fi tsirowa a ɗumi, wajen digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. In dare ya yi ta sauka ƙasa da digiri 15 a kwanakin da furanni ke buɗewa, bututun yakan yi nawa, ko ɗan tayin ya mutu, sai a sami waɗannan ƙananan marasa ƙwallo.

Ɗaya gefen maganarsa, wato illar zafi, sai a 2024 na gan shi da idona, bayan ya daɗe da rasuwa. Hunturun bai yi ƙarfi ba, hudarmu ta makara, kuma tun a Fabrairu hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta fara gargaɗin tsananin zafi. Furannin suka buɗe cikin rana mai ƙuna. Kan macen fure sa'o'i kaɗan yake yi da danshin karɓar gari, zafin da ya haura digiri 35 kuwa yana busar da shi, ya kuma raunana garin. Na tsaya ina kallon hudar tana komawa ruwan ƙasa tana kakkaɓowa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin bishiyoyin nan mahaifina ne ya dasa su.

Ɗan Kamarun da ke bayan ɗaki, inda inuwa ke sauka da azahar kuma ruwan wanke-wanke ke gangarawa gindinsa, shi kaɗai ya riƙe 'ya'ya. Tun daga lokacin, da zarar furanni sun fara buɗewa muke yi wa sauran biyun ban ruwa da yamma, mu lulluɓe gindinsu da busasshen ganye, kuma mun hana ƙona shara a kusa da su, saboda hayaƙi yana korar ƙudajen da ke kai garin.