Dogon hutu ya zo, ina yaran Gobir za su yi wasa?

Da an rufe makarantu a ƙarshen Yuli, sai tallan sansanin hutu na Abuja da Kano ya cika Facebook: a kai yaro da safe, ya buga ƙwallo, ya koyi iyo, a ɗauko shi da yamma, iyaye su biya kuɗi masu kauri. Ban ga laifinsu ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wannan da ake saye a birni, kyauta yaran Sabon Birni da Isa suke samunsa a da, yau kuwa an raba su da shi.

A wajenmu dogon hutu da damina yake zuwa. Yaro ya yi sammako gona, ya taya maimai, ya kora awaki kiwo, in rana ta take a faɗa gulbi. Dare ya yi, ga farin wata, sai dandali: 'yan mata na gaɗa, maza na langa. Duk wanda ya yi langa ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Ka kamo ƙafa ɗaya ta baya, kana tsalle da ɗayar, gumi na zuba, kana ture abokan gaba da kafaɗa don ruwanku, wato ɗan wasan da kuke karewa, ya samu ya sha. Ka saki ƙafar ko ka faɗi, ka fita, ba gardama. A nan yaro ke koyon juriya da kare ɗan'uwa da karɓar kaye ba tare da kuka ba. Kokawa ma haka. Ga maƙwabtanmu na Nijar nan, tun 1975 suke gasar takobin ƙasa, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukarsa.

Yanzu wace uwa za ta bar ɗanta ya yi nisa da gari? Tun harin Mayun 2020 da ya ci rayuka sama da 70 a Garki ta Sabon Birni da ƙauyukan kewayenta, daji ya fi ƙarfin yara. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindiga, Allah ya jiƙansa. Akwai yaran da suka tashi ba su taɓa taka kufan Alkalawa ba, birnin da Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki a cikinsa, birnin da ya faɗi a 1808, alhali yana nan cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni a bakin gulbin Rima.

Roƙona ga iyayenmu sarakuna da shugabannin ƙananan hukumomin biyu da malaman makaranta: a buɗe filin firamare na cikin gari lokacin hutu, daga hantsi zuwa azahar, kowa ya koma gida ido na ganin ido. Ƙwallo biyu, randar ruwa, tsofaffin 'yan kokawa su koyar, dattijo ɗaya ya zauna ƙarƙashin bedi ya ba da tarihin Gobir. 'Yan agaji da 'yan sikawut su kula da ƙofa. A ware wa 'yan mata nasu gefen da malamai mata. Kuma don Allah a fara rubuta sunayen 'ya'yan 'yan gudun hijira da ke kwana a azuzuwan, kafin na kowa.