Yawon Neman Gidan Wanke Hoto a Sabon Garin Kano

A Sallar da ta wuce Kawu ya ara mini tsohuwar kyamararsa mai cin fim, na je Ƙofar Kudu kallon Hawan Daushe. Hoto 36 fim ɗin yake ɗauka, na kuwa cinye shi tas. Na ɗauki wasu da waya. To, na waya ko an ɓata su wajen bugawa sai a sake. Fim kuwa sau ɗaya ake wanke shi, in ya lalace shi ke nan. Shi ya sa Kawu, wanda ya yi sana'ar hoto da ƙuruciyarsa, ya ce ba zan je ni kaɗai ba.

Ranar Asabar muka hau adaidaita sahu daga Gwammaja, muka sauka a Bata, muka shiga Sabon Gari da ƙafa. Ƙarar janareta ta ko'ina, ga masu baro suna ta "hanya, hanya".

Shagon farko ba mu daɗe ba. Fasfo kawai suke yi, yaron shagon ma jujjuya gwangwanin fim ɗin ya riƙa yi yana neman inda ake buɗewa. Kawu ya yi wuf ya karɓe, don haske kaɗan in ya shiga ya ƙone komai.

Na biyu ya burge ni: sanyin esi, ga hotunan amare a firem reras a bango. Kawu bai ko kalli bangon ba. Cewa ya yi a buga mana hoto ɗaya tak daga wayata, na wani dogari. Suka ce in turo ta WhatsApp. Ashe WhatsApp matse hoto yake yi, sai dai in an tura shi a matsayin fayil, ga shi ƙaramin kati mai inci 4 da 6 yana son ɗigo 1200 da 1800 kafin ya fito sarai. Da katin ya fito, jan rigar dogarin ya koma ruwan lemo, fuskarsa kamar an shafa mata manja. Muka biya kuɗin guda ɗaya, muka yi gaba.

Na ukun a saman wani tsohon bene yake, sai da muka yi tambaya sau uku. Ni dai da na ga ƙurar matakalar har na karaya. Wani dattijo muka tarar.

"Baba, kuna wanke fim?" in ji ni.

"Muna yi, ɗana, amma ba yau ba. Sai na tara."

Ya yi mini bayani cewa sinadarin wanke fim mai launi, wanda ake kira C-41, in an haɗa shi ya jima yakan yi rauni, kuma dole zafinsa ya tsaya a wajen digiri 38. Ya ɗan sauka ko ya hau, launi ya karkace. Nan take na tuna marinar Ƙofar Mata, inda marini ke duban ruwan baba ya san ko ya nuna.

Kawu ya nemi a nuna masa dodon hoton da aka wanke kwanan nan. Ya ɗaga shi saitin taga yana neman ƙarzuwa ko shatin yatsa, bai samu ba. Ni kuma na lura da gefe-gefe dattijon yake riƙe shi. Muka sake gwada hoton dogarin, wannan karon ta kebul. Ja ya fito ja, kore ya fito kore. Sai a sannan Kawu ya zaro fim ɗin daga aljihu, ya kuma ce a dawo mana da dodon tare da kwafi a filas.

Bayan mako biyu na koma ni kaɗai. Guda 29 suka fito. Sauran bakwai ɗin laifina ne, hannuna ya yi rawa lokacin da dawakai suka taso jahi, wasu kuma ƙeyar wani mai hula ce ta cika su.