Gadon da ke tsirowa a jikin ƙashi

A wasu gidajen, uwa tana yi wa yaro wanka sai hannunta ya ci karo da ƙullutu mai tauri a gefen gwiwarsa, ba ya motsi, ba ya zafi. Mahaifin ba ya mamaki idan an nuna masa, domin irinsa na nan a ƙwaurinsa tun yana ƙarami.

Wannan lalura ce ta gado da ke samun kusan mutum 1 cikin 50,000. Ƙashi ne na gaske ke tsirowa, da hular guringuntsi a kansa, galibi kusa da bakin dogayen ƙasusuwa inda yaro ke ƙara tsayi: gwiwa, kafaɗa, wuyan hannu, idon sawu. Tushenta tangarɗa ce a ɗaya daga ƙwayoyin gado biyu, EXT1 da aka gano a 1995, da EXT2 a 1996. Su ke sa jiki ya sarrafa sinadarin da ke tsare guringuntsi a kan hanyarsa. Idan ya yi ƙaranci, sai tsiro ya ɓalle ta gefe.

Mai karatu da ya saba da batun sikila zai yi saurin zargin auren zumunci, kuma nan ne zai yi kuskure. Sikila sai uwa da uba sun haɗu a kanta. Wannan kuwa mutum ɗaya ya isa: ko da bare ya aura, kowane ciki rabi da rabi ne. Gwajin jini na kafin aure ba ya ganinta. Saboda haka surukar da ke nuna wa dangin amarya yatsa, ta yiwu gadon daga ɗakinta ya fito.

Yawancin ƙullutan ba sa bukatar wuƙa, kuma ba aikin maɗori ba ne, tunda babu abin da ya karye. Likitan ƙashi kan yi tiyata ne idan tsiron ya danne jijiya, ko ya hana gaɓa lanƙwasawa, ko ya karkatar da hannu saboda ɗaya daga ƙasusuwansa biyu ya gaza ɗan'uwansa tsawo.

Da yaro ya gama girma, tsiron ma yakan tsaya. Ƙullutun da ya ci gaba da ƙaruwa a jikin baligi, ko ya fara ciwo, musamman a ƙugu ko allon kafaɗa, shi ne ake gaggauta ɗaukar hotonsa, domin a tsirarun masu lalurar yakan rikiɗe ya zama sankara.