Shekara 50 yana jiran ƙungiyar garinsu

 Ni malamin dabbobi ne. A ƙarshen shekara ta 2013 aka aike ni Amurka, in yi wata shida ina koyon kiwon shanun madara. Jihar da na sauka sunanta Wiskonsin. Ƙasar shanu ce. A duk Amurka babu jihar da ta kai ta yin cuku. Na zauna gidan wani dattijo mai garke, kusa da birnin Milwoki. Baba nake ce masa. Yau ba zancen madara zan yi muku ba. Zan ba ku labarin son da Baba yake wa ƙungiyar ƙwallon kwando ta garinsu.

Ga yadda wasan yake. Mutum biyar ke karawa da mutum biyar. Da hannu ake yin sa. Kowane gehe akwai kwando marar gindi, an rataye shi sama, tsawon mita 3 da santimita 5. Wanda ya jefa ƙwallo ciki ya samu maki 2. In daga nesa ya jefa, maki 3 ne. Babbar gasarsu ana kiran ta NBA. Ƙungiya 30 ke cikinta. Kowace tana wasa 82 a shekara, sannan waɗanda suka hi su yi karon ƙarshe. Ta Milwoki sunanta Bucks, wato mazajen wata dabbar daji mai kama da barewa.

Kun san yadda muke lokacin kokawar takobi. Mutumin Maraɗi yana bayan ƴan Maraɗi, na Tawa yana bayan ƴan Tawa, kowa kunnensa na kan radiyo. Haka suke su ma, amma da bambanci. Ɗan wasansu ɗan ƙodago ne. Albashi ake biyan sa. Bana yana garinku, baɗi an sayar da shi wani gari. Ita kanta ƙungiyar dukiyar wani attajiri ce. In ya ga riba wani wuri, yana iya kwashe ta dungum ya tahi.

An taɓa yi wa Milwoki haka. Suna da wata ƙungiya mai suna Hawks. A 1955 aka ɗauke ta aka kai wani birni. Mahaihin Baba bai manta da wannan ba har ya mutu. Sai a 1968 aka kafa Bucks. Baba yana da shekara 14. Ubansa ya kama hannunsa ya kai shi kallo. Tun ranar ya zama nasu.

Farkon abin ya yi daɗi. A 1969 suka samu wani dogon saurayi mai tsawon mita 2 da santimita 18. Shi ne wanda duniya ta sani da suna Karim Abdul-Jabbar. A 1971 Bucks suka ci gasar, shekara uku kawai da kafa su. Baba ya ce a lokacin sun zaci kowace shekara haka za a yi ta yi. A 1974 suka sake kai karon ƙarshe, aka kada su. A 1975 Karim ya koma Los Anjalas. Daga nan jira ya fara.

Ni kuwa na zo a shekarar da ta hi kowace muni. Cikin wasa 82, Bucks sun ci 15, an kada su 67. Su ne na ƙarshe a duk gasar. Sanyi ya yi tsanani, ƙanƙara ta ruhe gona. Amma duk daren wasa, Baba zai kunna tsohon radiyonsa cikin ɗakin shanu. Muna sa abinci, muna share kashi, mai magana yana ta ƙirga makin abokan gaba. Baba ba ya kashe radiyon sai an tashi.

Wata rana na tambaye shi. Na ce: «Baba, ga ƙungiyoyi masu ci. Me ya hana ka bi ɗaya?» Ya ce: «Ɗana, kai ka gaya mini ana fari a ƙasarku. Shekarar da gero bai yi ba, kuna sake uba ne?» Na ce a'a. Ya ce: «To, nan ubana ya kai ni. Nan na kai ɗiyana. In na bar su don an kada su, ashe ci nake so, ba garinmu ba.»

Na gane maganarsa, don na san irinta a gida. Na ga makiyayi da fari ya cinye wa garke, ya rage saura saniya biyu. Aka ce ya sayar ya shiga birni, ya ƙi. Ya ce irin shanun kakansa ne.

Abin da ya hi damun Baba ba kaye ba ne. Tsoro yake kar a kwashe ƙungiyar. A 2008 an yi wa birnin Siyatil haka, bayan shekara 41 suna tare da tasu. Mai Bucks a lokacin ɗan Milwoki ne, sunansa Herb Kohl. Ya saye ta tun 1985 don kar ta bar gari. A watan Afrilu na 2014, ina shirin dawowa, aka ce ya sayar da ita ga wasu attajirai biyu daga waje. Kuɗin ya kai dalar Amurka miliyan 550. Ba dala tamu ta sefa ba. An sa sharaɗi: sai an gina sabon ɗakin wasa, in ba haka ba ƙungiyar tana iya tashi.

Nan gardama ta tashi. Kohl ya ba da miliyan 100 daga aljihunsa. Amma a 2015 hukuma ta yarda a zuba miliyan 250 daga kuɗin jama'a. Mutane da yawa sun yi hushi. Suka ce ga lakkol, ga asibiti, ga hanya, don me za a taimaki masu kuɗi da harajin talaka? Maganarsu tana da ƙarhi. Baba da kansa ya gaya mini ta waya cewa abin ya yi masa ciwo. Ya ce attajiran sun san ba zai iya rabuwa da ƙungiyar ba, shi ya sa suke iya matsa masa. Duk da haka bai so ta tahi ba. A 2018 aka buɗe sabon ɗakin.

A waccan mummunar shekara akwai wani siririn yaro cikin ƙungiyar. Sunansa Yanis Antetokumbo. An haihe shi a Girka a 1994. Iyayensa ƴan Najeriya ne da suka tahi cin rani. Yana yaro ya yi talla a titi. Baba yakan nuna mini shi a talabijin ya ce: «Ga ɗan maƙwabtanku. Maraƙi ne, a ba shi lokaci.» Maraƙi ya zama bijimi. A 2019 da 2020 shi aka zaɓa gwanin gasar duka. Kowa ya ce zai bi sawun Karim ya koma babban birni. Sai a ƙarshen 2020 ya sa hannu ya ƙara zama.

A 2021 Bucks suka kai karon ƙarshe da ƙungiyar birnin Finiks. Wanda ya riga cin wasa huɗu shi ne zakara. Aka kada Bucks a biyu na farko. Sai suka ci huɗu a jere. Na ƙarshen an yi shi ran 20 ga Yuli, a Milwoki. Yanis shi kaɗai ya ci maki 50. Aka tashi 105 da 98. Daga 1971 zuwa ranar, shekara 50 cur.

Mu nan kwanakin Sallar Layya ne. Da asuba wayata ta yi ƙara. Baba ne, mai shekara 67. Da ƙyar maganarsa ke hita. Ya ce jikansa na kusa da shi. Ya ce gobe da sassahe akwai tatsa, amma yau ba zai yi barci ba.

Cikin waɗannan shekaru ƴan wasa sun zo sun wuce. Masu horo sun canza. Masu ƙungiyar sun canza. Ɗakin wasan ma an sake shi. Mutane irin Baba ne ba su gusa ba, su da ba a biyan su ko dala. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa.

Ƴan uwa, mu ma muna da ƴan kokawa da samari masu ƙwallo a garuruwanmu. Ranar da suka ci, hili ba ya ɗaukar jama'a. Ranar da aka kada su, su kaɗai ke dawowa gida. In kaka ta yi, aka buɗe hili, mu je mu tsaya bayansu, ko sun ci ko an kada su. Mu riƙa tahiya da yaranmu.

Allah ya ba mu damina mai albarka.