Labari A Bakin Mai Wa'azi

Kowane mai wa'azi yana da jakar labarai, kamar yadda kowane wanzami yake da zabira. Malamanmu na Musulunci suna da ƙissoshin Annabawa da na Sahabbai, waɗanda mukan ji a wurin tafsiri da azumi. Kirista kuwa suna da nasu, kuma a kan nasun nake so in yi magana da ku, ya ku 'yan'uwa masu karatu. Ni Musulmi ne, da allo na fara kafin in shiga firamare. Amma garinmu gauraye yake, ofishinmu ma haka, saboda haka zaman makoki da bikin aure sun sha kai ni inda fasto ko mai bishara yake magana. Abin da na lura da shi kuwa shi ne, in aka tashi daga wa'azi, ka tambayi mutum bayan kwana uku abin da aka faɗa, sai ka iske ayoyi sun tsere masa, bayani ya tsere masa, amma labarin da aka bayar yana nan daram. Zai maimaita wa matarsa, ita kuma ta kai shi bakin rijiya. Ashe labarin shi ne tsarabar da jama'a suke komawa gida da ita. Tun da haka ne, ya kamata a kwance tsarabar a ga abin da aka ƙunsa a ciki.

Wannan al'ada ba fastocin yau suka ƙaga ta ba. A cikin Linjilar da ke hannun Kirista, musamman littattafan Matiyu da Markus da Luka, akwai misalai fiye da 30 da aka ce Annabi Isa, wanda su suke kira Yesu Almasihu, ya buga wa mutanensa. Galibinsu zancen gona ne da kiwo da bashi da rabon gado. Sa'ad da aka gama juya Littafi Mai Tsarki da Hausa a shekarar 1932, aikin da Likita Miller na Zariya ya ɗauki babban kashi a cikinsa, sai misalan nan suka zauna a ƙasarmu kamar a nan aka haife su.

Akwai wani tsoho mai bishara a unguwarmu, Allah ya yi masa rasuwa, wanda na ji yana ba da misalin mai shuka. Labarin shi ne, mutum ya fita shuka, wani iri ya faɗa kan hanya tsuntsaye suka tsince, wani ya faɗa kan dutse ya tsiro da wuri rana ta ƙone shi, wani ya faɗa cikin ƙaya ta shaƙe shi, wani kuwa ya sami ƙasa mai kyau ya yi albarka. Tsohon nan ya san manoma ne a gabansa, ya kuma san abin da ke ransu, watau wane irin sakarai ne zai zuba iri a kan hanya? Gama mu nan sara muke yi da sungumi, mu jefa iri a rami, mu rufe da diddige. Sai ya fara da bayyana musu cewa mutanen can yafi suke yi, kamar yadda ake yafa acca. Nan take kowa ya gyara zama. Da ya zo kan dutse ya ce marmara, da ya zo kan ƙaya ya ƙara da wuta-wuta, wadda take tsotse dawa tun daga saiwa ba a gani, sai ta fito da furenta mai kyau bayan ta gama ɓarna. Ya ce haka son kuɗi yake yi wa zuciya. Ban ga wanda ya yi gyangyaɗi a wurin nan ba.

Wata rana muna zaune a gindin darbejiya na ce masa, "Baba, don me ba za ka faɗa wa mutane abin da kake nufi kai tsaye ba, sai ka zaga da su?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, in ka ce wa mutum kai marowaci ne, ka toshe masa kunne ke nan. Amma ba shi labarin wani marowaci, da bakinsa zai yanke wa mutumin hukunci. Sai dare ya yi, ya kwanta, sa'an nan ya gane kansa ya yanke wa."

Ban da misalan Linjila, akwai labarun da suka zo daga ƙasashen Turawa, waɗanda fasto yake gada daga fasto. Wanda na fi ji shi ne na Blondin, wani Bafaranshe gwanin tafiya a kan igiya. A ran 30 ga Yuni 1859 ya ɗaura igiya mai tsawon ƙafa 1,100 a kan kwazazzabon kogin Nayagara, tsakanin Amurka da Kanada, ƙafa 160 bisa ruwa, ya taka ta har ya haye. Daga baya ya yi ta maimaitawa, wani lokaci da ido a ɗaure, wani lokaci yana tura baro. Masu wa'azi sukan ce ya tambayi 'yan kallo ko sun gaskata zai iya haye da mutum a cikin baron nan, duka suka amsa da ihu, ya ce to wa zai shiga, wuri ya yi tsit. Da wannan suke rarrabe sani da abin da suke kira bangaskiya, watau yarda da abu a baki daban, ɗora ranka a kansa daban. Labarin yana da daɗi. Amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne sashen da tarihi ya tabbatar, wanda ba kasafai ake faɗa ba. A watan Agusta na shekarar nan an sami wanda ya yarda, wakilin harkokinsa mai suna Harry Colcord. Blondin ya goya shi a baya. Tafiyar kuwa ba ta yi sauƙi ba, har ya zamana sau da dama tilas Colcord ya sauko ya tsaya a kan igiyar, ruwa yana ruri a ƙarƙashinsa, kafin mai goyon ya huta ya sake ɗaukarsa. Ni a ganina wannan ya fi kama da halin mai imani, kowane addini yake bi, domin ba sau ɗaya ake yarda a gama ba.

Wannan ya kawo ni kan abu na farko da ke damuna, watau datse labari. Ku ɗauki na John Newton, Bature ɗan Ingila wanda ya rubuta waƙar cocin nan da ta game duniya, Amazing Grace. Yadda akan ba da shi, mutum ne mai fataucin bayi, hadari ya kama jirginsu a teku, ya kira Allah ya tsira, ya tuba, ya bar mugun ciniki, ya zama fasto. Hadarin gaskiya ne, a watan Maris 1748 aka yi shi. Amma bayan hadarin ne ma ya zama shugaban jirgin bayi, ya yi tafiya 3 zuwa gaɓar Afirka ta Yamma tsakanin 1750 da 1754, yana karatun Littafi a saman jirgi, 'yan'uwanmu suna ɗaure da sarƙa a ƙasa. Abin da ya raba shi da teku ciwo ne. Ya zama fasto a 1764, amma bai fito fili ya rubuta a kan munin cinikin ba sai 1788, shekara 40 cif bayan hadarin. Daga nan ya taimaki masu yaƙi da fataucin, ya kuwa rasu a ƙarshen 1807, shekarar da Majalisar Ingila ta haramta shi.

To, wanne ya fi amfani ga mai saurare? Gajeren yana cewa tuba dare ɗaya ce. Wanda ya tuba jiya, yau ya ga tsohon halinsa yana nan, sai ya fid da rai ko kuwa ya fara riya. Cikakken yana cewa mutum yana iya yin addu'a safe da yamma alhali yana cin zalin mutane bai ko lura ba, saboda kowa a zamaninsa haka yake yi. Wannan darasi ya fi ɗaci, amma ya fi kusa da mu duka.

Daga datsewa sai ƙagawa. Misali dabam yake da shaida. In mai wa'azi ya ce, a ce wani sarki yana da 'ya'ya biyu, kowa ya san ƙirƙira ce don koyarwa, kamar yadda yaro ya san in an ce ga ta nan ga ta nanku tatsuniya ce za ta biyo. Babu laifi a nan. Laifin yana wurin wanda zai ce wallahi an yi, wata mata ta ba da kuɗinta na ƙarshe baiko, gari ya waye ta iske mota a ƙofar gida. Ka tambaya wace mata, a wane gari, yaushe, ba amsa. Na san wata gwauruwa da ta ji irin wannan ta sayar da akuyarta guda tilo. Mota ba ta zo ba, maƙwabta ne suka ciyar da 'ya'yanta har kaka. Kada Musulmi ya karanta wannan ya yi murmushi, gama ciwon nan mun daɗe da shi. Tun ƙarnonin farko malaman hadisi suke fama da masu ba da ƙissa a masallatai, waɗanda suke ƙaga labari don su sa jama'a kuka. Ibnul Jauzi na Bagadaza, wanda ya rasu a 1201, littafi guda ya rubuta a kansu, ya kuma rubuta wani a kan hadisan ƙarya. Ku da kuka fita daga ajin yaƙi da jahilci kun sami abin da iyayenmu da yawa ba su samu ba. In an ce labari yana cikin Littafi, kuna iya cewa a nuna muku sura da aya, ku karanta da idonku.

Abu na biyu ya fi na farko nauyi, watau wanda mai wa'azi yake ɗora wa rigar mugu a cikin labarinsa. A sura ta 10 ta littafin Luka akwai misalin da Kirista suke kira na Basamariye. Wani matafiyi ya taso daga Urushalima, watau Ƙudus, za shi Yariko. Hanya ce ta wajen mil 17, gangare ce cikin duwatsu da jeji, maɓoyar 'yan fashi. Suka tare shi, suka tuɓe shi, suka bar shi rai a hannun Allah. Wani limamin Haikali ya zo ya gan shi ya ratse. Wani ma'aikacin Haikali ya zo shi ma ya ratse. Na uku ya tsaya, ya wanke masa raunuka ya ɗaure, ya aza shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa, da safe ya ba mai masaukin dinari 2, watau ladan ƙwadago na kwana biyu, ya ce in an kashe fiye da haka zai biya in ya komo.

Gishirin labarin yana cikin asalin mutum na ukun nan. Samariyawa da Yahudawa maƙwabta ne da ba sa ga maciji. Kowanne yana ganin ɗayan ya ɓata addini, waɗannan suna fuskantar Urushalima, waɗancan dutsen Gerizim. (Har yanzu akwai ragowar Samariyawa a can, ba su kai mutum 1,000 ba.) Yahudawa ne ake ba labarin, amma aka ba da rigar kirki ga wanda suka fi ƙyama, aka bar manyan addininsu da kunya. Mai wa'azin da ya ɗauki misalin nan ya mai da mutanen cocinsa su ne Basamariye, waɗanda ba nasa ba su ne 'yan fashi, ya juya rigar ciki waje. Na kuwa ji ana yin haka. Na ji labarun da mugun ciki kullum Musulmi ne ko Bafillace, kamar yadda na ji a wasu wuraren wa'azinmu mugun ciki kullum Kirista ne. Yaron da ya girma yana shan wannan kowane mako, ran da rikici ya tashi ba ya bukatar a nuna masa gidan da zai nufa. Mu kuwa muna da ƙissar Najjashi, sarkin Habasha Kirista, wanda ya ba Sahabbai mafaka sa'ad da Makka ta yi musu zafi, ya ƙi miƙa su ga jakadun Ƙuraishawa duk da kyautar da suka kawo masa. Sau nawa muke jin ta a shekara?

Tsohon nan mai bishara, in zai ba da misalin Basamariye, yakan ce wani Bafillace ne ya zo wucewa da sandarsa. Wasu a cikin jama'arsa ba su so haka ba, shi kuwa bai fasa ba. Bai yi tsawon rai ya ga abin da ya faru a ƙauyen Nghar, cikin ƙasar Barikin Ladi a Jihar Filato ba. A ran 23 ga Yuni 2018 'yan bindiga suka auka wa ƙauyukan yankin, mutane suka watsu suna gudun ceton rai, galibinsu Kirista. Limamin ƙauyen, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya buɗe musu gidansa da masallaci, ya ɓoye mutum 262. Da maharan suka iso suka ce ya fito da su, ya tsaya a waje ya ƙi, yana roƙonsu, har ya ce gara su kashe shi. Suka juya suka tafi. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma saboda wannan. Labari ne mai suna, mai gari, mai kwanan wata, ga kuma waɗanda suka tsira suna ba da shi da bakinsu, na kuwa ji wani fasto ya kawo shi a wurin makoki ya haɗa shi da misalin Luka.

Da 'yan jarida suka tambayi limamin dalilinsa, cikin abin da ya gaya musu har da cewa filin da masallacin nan yake kai, Kiristocin wurin ne suka ba Musulmi kyauta, fiye da shekara 40 kafin wannan rana.