Manhaja ɗaya, ayyuka uku

Ƙananan ayyuka uku gare ni a AWS Lambda don shirin muryar ajinmu: wannan ya yanka sauti, wancan ya rage girmansa, na uku ya mayar da shi MP3. Duka FFmpeg suke buƙata. Ɗora shi sau uku asarar data ce, datar kuwa daga aljihuna take fita. Sai na zuba shi sau ɗaya a Lambda Layers, tsarin da Amazon ya fitar a 2018, kowane aiki yana tarar da shi a /opt. Abin da ke ba ni haushi shi ne, in na ɗora sabon zubi, ayyukan suna nan manne da tsohon har sai na bi kowanne na canja masa lamba.